Dogon Ƙwan Lantarki a Zauren Alhaji Mas'udu

Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin akawu a wani ofishin gwamnati da ke kusa da bakin teku a Accra, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa kama ni da kuskuren da ya wuce mance kwanan wata a kan takarda ba. Na ambaci wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da yake sauraro, wato mutumin da ya yi imani cewa babu abin da ke wuce idonsa. Da wannan imani na ajiye aiki a ƙarshen 1981, na koma zaman gida a ɗakuna biyu da nake haya a gidan Alhaji Mas'udu a unguwar Nima, ina duban jama'a kamar takardun da ba a jera daidai ba.

Gidan irin na Nima ne: ɗakuna kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, da zaure a bakin hanya. Mu huɗu ne magidantan da ke cin abinci tare a zauren bayan sallar Magariba. Akwai Alhaji kansa, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda a lokacin ya haura saba'in. Akwai Mika'ilu direban trotro, wato motar haya, mutum mai bakin da ba ya hutawa. Akwai Imoro, mutumin Dagomba, mai gyaran wutar mota a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wanda Hausarsa irin ta Zango ce, ba ta damu da raba mace da namiji ba. Sai ni, Zuberu, wanda kowa ke kira Akawu.

Tsarin ciyayyarmu ba ya canzawa. Kowa zai ɗauko kwanonsa a rufe daga ɗakinsa, ya tura shi gaban Alhaji, wanda ke zama a kusurwa ya jingina da bango. Shi ne ke buɗe kwanonin a gefen gwiwarsa, wai yana duba gishiri, sannan ya turo su tsakiyar tabarma ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowane gida. "Na gidan Akawu, Allah ya ƙara buɗi." Mu ce amin, mu sa hannu. "Na gidan Imoro, Allah ya yi wa Damata albarka." Damata ita ce matar Imoro. Haka ake yi har a gama. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin son girma irin na tsofaffi, wanda ba ya cutar da kowa.

Sai shekarar 1983 ta zo. Waɗanda suka gan ta ba sa bukatar bayani, waɗanda ba su gan ta ba kuwa bayani ba zai ishe su ba. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonaki, ga kuma dubban 'yan ƙasa da aka koro daga Legas sun dawo da cikkunansu. Mata suna yin layi don sayen ɗanyen dokunu, tuwon masarar nan na Accra, tun ba a ɗora shi a wuta ba. Ƙasusuwan wuyan mutane suka fito fili, har jama'a suka raɗa musu suna sarƙa, suka jingina ta ga sunan wani babba wanda ba ni da niyyar ambata. Motoci suka hau kan duwatsu saboda rashin taya da kayan gyara. Na san wannan duka, domin ina sauraron rediyo, kuma ina iya bayaninsa dalla-dalla ga duk wanda ya yi sakacin zama kusa da ni. Abin da ban yi ba shi ne tambayar kaina me mai gyaran wutar mota yake ci idan motoci sun daina tafiya.

A farkon wannan shekara ne Alhaji ya sa aka cire ƙwan lantarki mai wat sittin da ke zauren, aka maye shi da wani ɗan mitsitsi mai wat goma sha biyar, aka kuma rataye shi can bakin ƙofa, nesa da inda yake zama. Ya ce haske na sa idonsa hawaye. Ni kuwa na yanke masa hukunci a zuciyata da laifin rowa. Muka koma cin abinci a cikin wani ja-ja-jan duhu, wanda a cikinsa da ƙyar mutum ke bambance yatsansa da na maƙwabcinsa. Mika'ilu ya ce hakan ma rahama ce, domin tuwon jar masarar agaji ya fi daɗi idan ba a gan shi ba.

A watan Afrilu ƙanen matata, wanda yake cikin waɗanda suka dawo daga Legas, ya kawo mana tsaraba. Ya rasa kusan komai a hanya, amma ya riƙe fitilu biyu a naɗe cikin bargo har Nima, abin da har yau nake ganin ya cancanci bincike. Ɗaya ƙaramar fitila ce mai hular gilashi kamar fure, mai laushin haske. Ɗayar kuwa dogon ƙwai ne mai tsawon ƙafa huɗu, fari tas, da akwatinsa na ƙarfe, irin wanda na yi shekaru ina aiki a ƙarƙashinsa a ofis. Da na gan shi sai na ji kamar na haɗu da tsohon abokin aiki.

Tambayar da ta taso ita ce wacce za ta zauna a ɗaki, wacce za ta fita waje. Matata Amama ɗinki take yi da keken hannu, kuma idonta ya fara gajiya. Ba ta ɓata lokaci ba.

"Malam, dogon a ɗaki za a sa. Allura nake nema da yamma kamar mai neman wata."

"Mai furen ta ishi ɗaki," in ji ni. "An yi ta ne don ɗaki. Dogon kuwa na jama'a ne."

"Wace jama'a?"

"Zaure."

Ta ɗago kai daga keken, ta dube ni. "In waje kake so, sa shi a tsakar gida, wajen famfo. Mata na zamewa a wurin."

"Wa zai gan shi a wajen famfo?"

"Masu zamewa."

Na yi mata bayani cikin haƙuri, kamar yadda na saba yi wa sababbin ma'aikata. Na ce zaure shi ne fuskar gida. Na ce cin abinci a duhu ya saɓa wa ƙa'idar tsabta. Na kawo maganar kunama, da ɓarayi, da ƙimar gida a idon baƙo. Abin da ban faɗa ba shi ne zauren yana kallon hanyar da masu komawa daga masallaci ke bi, kuma a duk layinmu babu gida ɗaya mai dogon ƙwai.

"Malam," ta ce, "bar zauren nan yadda mai shi ya bar shi."

"Kina da dalili?"

Ta juya keken sau biyu ba tare da ɗinka komai ba. "Ba ni da wanda zan ba ka."

Na ɗauki wannan a matsayin nasara. A ofis, duk wanda ba shi da dalilin da zai rubuta ya faɗi.

Saura Alhaji. Na san in na same shi shi kaɗai zai kawo maganar idonsa, don haka na bari sai ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, yana tsaye da mutane a ƙofar gida. A gabansu na sanar da cewa Allah ya hore mini fitila, kuma na yi niyyar ba da ita sadaka ga zauren gida, ladan ya kai ga iyayenmu da suka rigaye mu. Mutane suka ɗaga hannu suka yi fatiha. Babu dattijon da zai ƙi sadakar da aka riga aka shafa wa fatiha, kuma da sanin haka na tsara abin. Alhaji ya dube ni da idanun nan nasa masu hawaye.

"Akawu, ka yi shawara da Amama?"

"Na yi, Alhaji."

"Me ta ce?"

"Maganar mata ta yi."

"To," in ji shi. "Allah ya ba da lada." Ya shige gida.

Wanda zai haɗa fitilar ba sai an je nema ba, tunda muna da mai aikin wuta a gida. Ranar Litinin da hantsi, Alhaji ya tafi suna a unguwar Madina, na ƙwanƙwasa ƙofar Imoro. Na lura yana gida a ranar aiki, na kuma yaba wa sa'ata. Ya fito da jakar kayan aikinsa, ya ɗauki ƙwan da hannu biyu, ya duba shi a hasken rana, ya ce mai kyau ne. Mai furen ya fara haɗawa a ɗakinmu, bai ɗauki minti ashirin ba. Sannan muka fito zaure, na nuna masa tsakiyar rufi, daidai saman tabarma.

"Nan, Akawu?"

"Nan."

"In an sa shi a waje, saman ƙofa, zai haska hanya. Kowa zai gani tun daga kwana."

Na yarda cewa wannan magana ta taɓa ni, domin ta dace da ainihin bukatata fiye da duk dalilan da na ba Amama. Amma na riga na ce zaure a gaban mutane, kuma ban saba janye abin da na sa wa hannu ba.

"Ruwan sama zai lalata shi," in ji ni, a shekarar da ruwa ya ƙi sauka.

Imoro ya buɗe jakarsa. Ya hau benci, ya ja waya daga bakin ƙofa, ya bi da ita jikin katako a miƙe kamar an ja layi da rula, yana buga ƙananan ƙusoshi tazara ɗaya. Ina riƙe da bencin, ina ba shi shawarwarin da ba ya bukata. Da ya ɗaga hannuwansa sama rigarsa ta ja, na ga ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu da ƙusa. Na gani sarai. Na ce a raina mutumin nan yana da dabara.

Da ya gama ya ce in kunna. Ƙwan ya yi ƙifce sau uku, ya kama. Ya nuna mini wani ɗan abu kamar gwangwanin maganin ido a gefen akwatin, ya ce sitata ke nan, shi ke tayar da wutar, kada in bari kowa ya taɓa. Ya tattara guntayen waya, ya share ƙurar da ya zubar, ya koma ɗakinsa.

Ban kunna ta da Magariba ba sai da kowa ya zauna. Na so a yi abin bisa tsari. Kwanoni huɗu suna gaban Alhaji a rufe, ya fara jawo su gefen gwiwarsa kamar kullum, sai na miƙe na danna makunni.

Zauren da muka sani ya ɓace, wani ya bayyana. Ga tsagar bango, ga yanar gizo-gizo, ga facin da ke hannun rigar Alhaji. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa suna salati. Mika'ilu ya kare idonsa da hannu.

"Kai, Akawu! Ka kawo mana ranar hisabi tun ba mu mutu ba. Ashe haka fuskarka take? Shekara takwas ina cin abinci da kai, da na sani da na nemi canji."

Aka yi dariya, har da ni, domin a wannan maraice babu abin da zai ɓata mini rai. Daɗin abin ya hau mini kai. Na durƙusa a tsakiyar tabarma, wurin da ba nawa ba, na ce yau Alhaji zai huta, mai fitila ne zai yi hidima.

"Akawu, bar shi," in ji Alhaji. Ya ɗora hannu a kan kwanonin.

"Haba Alhaji, ran biki ne. Bari mu ga abin da muke ci a duhu wata uku."

Na zare kwanona daga ƙarƙashin hannunsa, na buɗe. Tuwo malmala biyu da miyar ayoyo. Na kira sunan gidana da kaina, na yi wa kaina addu'a. Na buɗe na Mika'ilu, garin rogo ne da ɗan wake. Na miƙa hannu ga na uku, wani farin kwano mai bakin shuɗi. Alhaji ya riƙe gefensa. Na ɗauka wasa yake yi, na ja, ya saki. Tun kafin in buɗe hannuna ya gaya mini nauyinsa, amma bakina ya riga hannuna.

"Na gidan Imoro!"

Babu komai a ciki. An wanke shi tas, an goge, har dogon ƙwan ya fito a gindinsa kamar farin layi.

A nan ne mutum mai hankali zai mayar da murfi ya ce wani abu game da sauro. Ni kuwa akawu ne, kuma idan akawu ya ga gurbi babu komai, abin da ya sani shi ne wani ya yi mantuwa. Na juya wajen ƙofar tsakar gida, na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, da masu tsaye a bakin hanya.

"Damata! Yau fitila ta kama ki! Kin aiko mana da kwano kin mance tuwon!"

Na jira dariya. Mika'ilu, wanda ke iya dariya a wajen jana'iza, yana kallon yatsun ƙafarsa. Daga tsakar gida, inda ɗazu ake jin ƙarar ludayi da muryoyin mata, babu motsi. Mutanen bakin ƙofa suka tuna da inda za su. Alhaji ya buɗe babban kwanonsa a hankali, kuma a ƙarƙashin hasken da na kawo na ƙirga malmala biyar a kwanon tsohon da ba ya cin fiye da ɗaya.

Imoro ya miƙo hannu. "Ba ni kwanona, Akawu."

Na ba shi. Ya karɓi murfin ma, ya rufe shi da kyau kamar akwai abin da zai zube, ya miƙe.

"Imoro, zauna," in ji Alhaji. "Don Allah, ɗana, zauna."

"Na tuna wani aiki, Baba." Ya sa takalmansa, ya shiga gida.

Mun ci abin da muka iya. Babu wanda ya yi mini faɗa, abin da na fi so a yi. Alhaji dai da zai tashi ya dube ni ya ce, "Fitilarka tana da haske, Akawu," ya dafa bango ya wuce.

Na tarar da Amama zaune a ƙarƙashin mai furen, tana ƙoƙarin zura zare a allura. Ba ta ɗago ba. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kira ofishin shugaba.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun watan da aka canza ƙwan zaure."

Ta faɗa mini sauran a taƙaice. Aiki ya tsaya wa Imoro tun farkon shekara. Ɗan abin da Damata ke samu, yara uku ke ci. Imoro ya so ya daina fitowa zaure, Alhaji ya ce masa magidanci ba ya barin tabarmarsa, ya dai riƙa kawo kwanon, sauran ba ruwansa. Matar Alhaji da matar Mika'ilu da ita Amama kowacce tana rage malmala daga tukunyarta, a zuba a kwanon Alhaji, shi kuma ya juye a na Imoro a bayan hannun rigarsa yana duba gishiri. Na tuna sau nawa a watannin nan na yi wa Amama ƙorafi cewa tuwona ya ƙanƙance, har na taɓa yi mata lacca a kan tattali.

"Mika'ilu ya sani?"

"Kowa ya sani. Yaran gida ma sun sani."

"Me ya sa ni ba a gaya mini ba?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Malam, da an gaya maka, da ka riƙa yi masa kirki. Irin kirkinka kuwa ana jin sa har unguwar Maamobi."

Ta miƙo mini allurar da zaren, na zura mata, domin hasken bai ishe ta ba.

Washegari Imoro bai fito zaure ba, haka jibi. Yana fita da asuba da jakar kayan aikinsa, ya dawo bayan Isha'i. Damata ta daina zama a tsakar gida. Ruwa ma sai ta ga babu kowa a famfo take ɗiba. Na yi tunanin zuwa in ba shi haƙuri, na ma tsara kalmomin a takarda, amma kowane tsari na gwada sai na ga ba zai yiwu a nemi gafarar abin ba sai an sake ambatarsa. Don haka na nemi hanyar da ta fi dacewa da halina, wato gyara takarda ba tare da an ga hannuna ba.

Ranar Alhamis da rana, babu kowa a zaure, na hau benci na murɗe sitatan nan na jefa a aljihu. Da Magariba na danna makunni a gaban mutane, na yi mamaki mai kyau da ƙwan ya ƙi kamawa. Na ce ai kayan Legas ke nan, kyan ɗan maciji. Aka koma ga ɗan ƙwan bakin ƙofa. Na tabbatar labarin ya shiga tsakar gida, na kuma faɗa wa mai shagon kwana da masu zama a ƙofar masallaci cewa fitilar nan ta mutu, don ya kai kunnen wanda nake so ya ji cewa duhu ya dawo, tabarma na jiransa. Kwana uku muna zaune a ja-ja-jan hasken, da malmala biyar a babban kwano, gurbin Imoro a buɗe.

Ranar Lahadi da hantsi ina zaune a zaure da rediyona sai ga shi da jakarsa. Ya yi sallama, ya tambayi kwanan iyali, na amsa da sauri fiye da kima.

"Na ji fitila ya mutu."

"Ai ba komai, Imoro. Bar ta kawai. Dama idon Alhaji…"

Ya jawo benci ya hau. Bai taɓa ƙwan ba, bai buɗe jakar ba. Ya kalli gefen akwatin sau ɗaya, sannan ya miƙo hannu ƙasa, tafin a buɗe, ba tare da ya dube ni ba.

Na yi kamar ban gane ba. Hannun bai motsa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, shi a sama, ni a ƙasa, rediyo na karanta labarai. Daga ƙarshe na sa hannu a aljihu, domin ko wurin ɓoye abin ban canza ba, na ɗora masa a tafi. Ya murɗa shi a gurbinsa.

"Kunna."

Na kunna. Ƙifce uku, ta kama.

Ya sauko, ya mayar da bencin inda yake, ya tsaya a gabana. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Akawu, jiya wani mutum a masallaci ya so in haɗa masa waya a shago. Aikin farko a bana. Sai wani ya ce masa, wane Imoro, wanda ya haɗa na gidan Alhaji ya mutu a kwana huɗu? Mutumin ya ce zai yi tunani."

Na buɗe baki.

"Tsaya in gama. Ciki na, kowa ya gani, shi ke nan, ba na mutuwa. Amma hannu na, ka bar mini shi. Aiki na ba ya mutuwa a kwana huɗu. Fitila nan ya zauna a kunne, kowa ya wuce ya gani."

"Imoro, wallahi niyyata…"

"Na san niyyarka," in ji shi. "Kullum kana da niyya."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

A ranar na bi ƙofar masallaci da shagon kwana, wurin duk wanda na gaya wa fitila ta mutu, na ce ƙarya na yi, ni na cire mata abu da hannuna, aikin Imoro lafiyarsa ƙalau. Kowa ya tambaye ni dalili, ni kuwa ba ni da wanda zan bayar ba tare da na sake buɗe kwanon ba, don haka na bar su suka yanke cewa ritaya ta fara taɓa Akawu. Ban sani ba ko mai shagon nan ya sake neman Imoro. Ban ga ya dace in tambaya ba.

Da Magariba muka zauna mu uku a ƙarƙashin farin haske. Alhaji ya buɗe kwanoni a fili, tunda babu sauran abin ɓoyewa, ya kira gida uku. Muka ci a hankali, kowa yana jan lokaci, kunnuwanmu a ƙofar tsakar gida. Malmala biyu suka rage a babban kwano, babu wanda ya kai musu hannu. Sai da Alhaji ya gaji da jira ya rufe, aka wanke hannu, aka tura kwanoni gefe, sannan muka ji takunsa.

Ya shigo da wankakkiyar riga, da tsinken sakace a bakinsa. Ya yi sallama, ya zauna a gurbinsa na kullum.

Alhaji ya jawo babban kwanon, ya ɗan ɗaga murfin. "Bismilla, ɗana. Ga saura."

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ci a ciki."

"Ko loma ɗaya, don albarka."

"Na ƙoshi, Baba. Damata ya cika mini ciki yau."

Ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakinsa, ya tambayi Mika'ilu labarin layin man fetur. Mika'ilu ya kama ba shi labari da ƙarfi, da hannu da ƙafa, har Imoro ya yi dariya. Ina zaune daura da shi, kuma a wannan haske babu abin da ba na gani: ƙasusuwan wuyansa, da bushewar leɓensa, da tsinken da ya fito tas kamar yadda ya shiga. Alhaji ya mayar da murfin.

Haka ya riƙa zuwa kowane maraice, bayan an kwashe kwanoni, da tsinkensa, har ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo baya, motoci suka sauko daga kan duwatsu, ya koma aiki. Ko a lokacin bai dawo da kwanonsa zaure ba. Mun zauna gida ɗaya shekara tara bayan haka, yana gaishe ni da ladabi safe da yamma, ya halarci auren 'yata Nafi, ya ɗauki gawar Alhaji tare da ni. Amma hannuna da nasa ba su sake haɗuwa a kwano ɗaya ba.